Farin Alawayyon Surukina

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda ya kamata in riƙe, amma ranar da surukina ya zo gidanmu a Madawa da farin yadi a cikin jakarsa ba za ta taɓa fita daga raina ba. Shekaru sun wuce, itacen bedin da ya zauna a gindinsa ma ya ninka girmansa, amma duk ranar kasuwa in na ji sallamar tsoho a ƙofar gida sai gabana ya faɗi.

Mijina ɗan Azarori ne, kuma shi ne ɗan fari a gidansu. A garinsu, kamar a namu can Karofane, da an gama kaka maza sai su ɗaure kaya su tafi bida, wato cin rani, wasu Abijan, wasu Libiya, sai ruwa ya sauka a sake ganinsu. Haka na tashi, uwata tana riƙe da gida ita kaɗai, mahaifina kuwa baƙo ne da ke zuwa da damina. Shi mijina lakkwal aka sa shi, wato makarantar boko, ya yi ta karatu har jami'a a Yamai, ya koyo rubuta manhaja, wato abin da ke sa salula da kwamfuta su yi aiki. Wani kamfani na ƙasar Turai ya ɗauke shi, kuma daga ɗakinsa zai riƙa yi musu aikin, ba sai ya je ko'ina ba. Ranar da aka kawo ni, ƙawayena har tsokanata suke yi, wai na yi sa'a, na samu mijin da ba ya zuwa bida. Ni ma kaina ya yi girma, ba zan ɓoye ba.

Ban daɗe ba na gane irin sa'ar da na yi. Akwai wani ɗaki a ƙuryar gidan, an jera masa batura, an kafa masa faranti mai zuƙar rana a kan rufi saboda ɗaukewar wuta. Da hantsi mijina zai shiga, ya rufe ƙofa, ya kifa wani abu mai kama da faifai biyu a kunnuwansa, shi ke nan an rabu. In kai abinci ya huce, in ɗumama, ya sake hucewa. In na yi magana sai ya ɗaga yatsa ya ce minti biyar, kuma ni dai ban taɓa ganin ƙarshen waɗannan mintuna biyar ɗin ba. Suna, biki, gaisuwar mutuwa, duk ni nake zuwa in ba da haƙuri a madadinsa, har na ƙware a shirya uzuri. Matar ɗan bida ta san da hadari ya haɗo mijinta na hanya. Nawa mijin yana bayan ƙofa, ina jin tarinsa, amma aikinsa ba shi da damina balle kaka.

Wata rana na matsa masa ya gaya mini wai me yake yi haka da ba a tashi. Ya ce manhajar ta mutanen wani birni ce, in suna jin yunwa sai su danna salula a kawo musu abinci har gida. Na dubi kwanon tuwon da ya sandare a gefensa, na yi dariya har da hawaye. Shi bai ga abin dariya ba.

Surukina kuwa dogon tsoho ne marar yawan magana, manomin gero, irin mutanen da. Kunyar ɗan fari a wurinsa ba wasa ba ce. Tun da na shigo gidan ban taɓa jin ya ambaci sunan mijina ba, sai dai ya ce “wancan”, ko “mutumin Madawa”. Ba ya kallonsa ido da ido, ba ya cin abinci da shi, ba ya tambayar lafiyarsa a gaban mutane. Amma surukata ta taɓa raɗa mini cewa in an zauna a bakin masallaci ana lissafa ƴaƴan da suka tafi bida, har wani gyara zama yake yi, don nasa na fari yana kusa, babur kawai zai hau ya iso kafin wake ya dahu. In kewar ɗan ta dame shi ba zai taɓa faɗa ba. Sai ya hau motar kasuwa ya zo Madawa, ya biyo ta gidanmu ya ce ya zo kasuwa ne ƙishirwa ta kama shi. Kowa a ƙasarmu ya san ma'anar wannan ƙishirwar. Mijina ma ya sani a da, kafin ya saba da mutanen da in suna son abu sai su rubuta shi ɓaro-ɓaro su sa masa lokaci.

Ranar da nake ba ku labari an gama kaka, an cika rumbuna, ƴan bida sun watse. Tun muna karin kumallo salular mijina ta fara ruri ba tsayawa. Ya duba, na ga fuskarsa ta canza, ya ture kofin koko ya miƙe. Wai wani abu ya lalace a manhajar, komai ya tsaya cik, kuma ɓangaren da ya lalace shi ya rubuta shi. Yana shiga ɗakin ya ce kada kowa ya taɓa masa ƙofa ko da gidan ne ke cin wuta.

Rana ta ɗan ɗaga sai na ji sallama. Da na leƙa na ga surukina, sai da na sake dubawa. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, kuma yana dogara sanda, shi da ban taɓa gani da sanda ba. Na shimfiɗa masa tabarma a gindin bedi, na durƙusa na gaishe shi, na kawo ruwa, na dama fura. Ya ce kasuwa ya zo. Ya tambayi yara, ya tambayi mutanen Karofane, ya tambayi har akuyar da ya ba ni da na haihu, sannan can ya kau da kai ya ce ko mutanen gidan na nan. Na ce yana ciki yana aiki, bari in gaya masa.

Na tura ƙofar a hankali. Mijina ya ɗaga abin kunnen gefe guda, idonsa na kan gilashin kwamfuta. Na ce Baba ya zo. Ya tambaya ko lafiya, na ce ya dai ce kasuwa ya zo. Ya ce to in ba shi fura, yana nan fitowa.

Da na dawo sai tsohon ya miƙo mini jakarsa ya ce in jingine masa ita a inuwa. Bakin jakar a buɗe yake. Ba gishiri a ciki, ba goro, ba komai na cefanen ƙauye, sai farin alawayyo sabo fil a naɗe, da ƴar kwalbar turare a kansa. Na taɓa ganin irin wannan sayayyar. Kakana haka ya yi, ya je kasuwar Buza da ƙafarsa ya sayo likkafaninsa ya ajiye a ƙarƙashin shimfiɗa, sannan ya bi dangi gida-gida yana neman gafara, kuma bai ga wata daminar ba. Tsofaffinmu in jikinsu ya gaya musu, ba sa jira a yi musu.

Ina tsaye da jakar a hannu sai ya kira ni ya ce in zauna, abin da bai taɓa yi ba. Na zauna can bakin tabarma, kaina a ƙasa.

“Ɗiyata,” ya ce, “tun da anka kawo ki gidanmu ban ga abin ƙi gare ki ba. In akwai abin da na yi miki, da sani ko ba sani, ki gahwarta mini.”

Na ce bai taɓa yi mini komai ba sai alheri, ni ce zan roƙe shi. Ya ce ya yafe, duniya da lahira, ya sa mini albarka, ya sa wa yarana. Na amsa da amin. Na gane sarai cewa ba don ni ya hau mota da wannan jikin ba. Ya zo ne ya yi bankwana da ɗansa, ya yafe masa, ya nemi tasa yafiyar, kuma ba zai iya buɗe baki ya ce a kira masa shi ba ko da ransa zai fita a wurin.

Na koma ɗakin, wannan karon ban tsaya a bakin ƙofa ba. A gilashin akwai fuskokin mutane a jere cikin ƙananan akwatuna, wani mai jan gemu yana ta magana da sauri yana yarfa hannu. Na dafa kafaɗar mijina na ce, “Baba likkahwani ya saya. Yanzu ya roƙe ni gahwara. Kai yaka jira.”

Ya danna wani abu don kada su ji mu, ya juyo. Ba zan yi masa sharri ba, ya ji, kuma ya gane, na ga haka a idonsa. Amma na ga wani abin kuma, tsoro. Watan da ya wuce an sallami wani abokin aikinsa a kan kuskuren da bai kai wannan ba, kuma mu duka, da gidansu na Azarori, da maganin tsohon kansa, a kan wannan kujerar muke rataye. Ya ce tsofaffi haka suke, da jiki ya ɗan motsa sai su fara zancen mutuwa. Sannan ya rage murya ya ce, “In na tashi yanzu, aikin ga ya tahi ke nan. Ki riƙe mini shi, sa'a guda kawai.” Ya mayar da abin kunnen kafin in ce wani abu.

Da aka kira azahar ya fito da sauri zai yi alwala, abin kunnen na rataye a wuyansa. Ya je ya tsuguna gaban mahaifinsa ya gaishe shi. Tsohon ya juya fuska wajen turken akuya kamar yadda ya saba, yana amsawa a taƙaice. Ina daga madafa ina addu'a a raina Allah ya sa ya zauna. Aka gama gaisuwa, sai na ji surukina ya gyara murya ya ce, “In ka ƙare, ina da magana.” A iya sanina, wannan ce magana mafi tsawo da ya taɓa yi wa ɗansa kai tsaye a gaban wani. A daidai lokacin wata ƴar siririyar murya ta fara kiran sunan mijina daga abin da ke wuyansa. Ya ce, “Yanzu-yanzu, Baba,” ya miƙe. Sai da ya juya baya sannan tsohon ya ɗago kai ya bi shi da kallo, tun daga gindin bedi har ƙofar ta rufe. Ban taɓa ganin mutum ya kalli wani haka ba, kuma ba na fatan in sake gani.

Mijina a ɗakin ya yi sallarsa. Tsohon ya dogara sandarsa ya tafi masallacin bakin layi shi kaɗai, ya dawo ya zauna. Na kawo abinci, ya ɗan taɓa ya ture. Inuwa na matsawa, yana jan tabarmarsa yana bin ta. Duk motsin da aka yi wajen ɗakin sai ya gyara hularsa, in ya ga ba kowa sai ya ci gaba da jan carbi. Na leƙa ɗakin ya fi a ƙirga, kullum yatsa ɗaya ake ɗaga mini.

Daga ƙarshe zuciya ta ciyo ni. Na nufi inda wayar baturan ta fito ta bango, na kama ta, niyyata in fizge kowa ya huta, in ya so ya sake ni. Ashe tsohon na kallona.

“Ƙyale shi, ɗiyata,” ya ce. “Mu munka kai shi lakkwal. Ba shi da laihi.”

Na saki wayar na shiga madafa na yi kukana a can.

Bayan la'asar ya ce zai tafi, kada motar ƙarshe ta bar shi. Na roƙe shi ya kwana, na ce ga ɗaki, gobe da safe a kai shi da babur. Ya yi ɗan murmushi, don ni da shi mun san mutum irinsa ba ya kwana a gidan ɗansa na fari. Ya ɗauki jakarsa. Maimakon ya nufi zaure sai ya taka a hankali zuwa ƙofar ɗakin, ya tsaya yana sauraron ɗansa yana magana cikin harshen da bai san ko kalma ɗaya a ciki ba. Ya ɗaga hannu, na ce a raina yau dai zai buga. Bai buga ba. Ya ɗora tafinsa a kan ƙofar, ya ɗan jima haka, na ga leɓɓansa suna motsi. Ina nesa, ban ji abin da ya ce ba. Sannan ya juya ya fita, na raka shi har bakin hanya, ya ce in koma wurin yara.

Gab da magariba ƙofar ta buɗe, mijina ya fito yana miƙa, fuskarsa a washe. An gyara, har mai jan gemun ya yaba masa. Ya dubi gindin bedi ya ga tabarma ba kowa, ya ce ina Baba. Na ɗauke kwanon furar na wuce. Ya biyo ni yana cewa gobe da sassafe zai hau babur ya je Azarori ya wuni can. Da gari ya waye mutanen kamfanin suka ce sai ya rubuta musu bayanin yadda aka yi abin ya lalace. Washegari kuma sai an zauna an tattauna bayanin. Bayan nan aka ce a yi wani gyara don kada a sake. Kullum da yamma sai ya ce gobe, kuma na yarda har ransa yake nufi. Ya so ya kira a salula, amma ya san tsohon ba zai yi irin wannan maganar da shi ta waya ba, ga mutane a gefe suna ji.

Kasuwa ba ta zagayo ba aka kira mu bayan sallar asuba. Surukina ya cika.

Mun isa ana shirin yi masa sutura. Da aka fito da shi na ga farin yadin nan da na riƙe da hannuna. Mijina bai yi kuka ba a lokacin, ya bi mutane maƙabarta, ya dawo ya zauna karɓar gaisuwa kamar an dasa shi. A zaman makokin ne abin ya same shi da kyau. Duk wanda ya zo sai ya ce Allah sarki, ai marigayi ya zo har gida ya nemi gafarata. Liman, maƙwabta, mutumin da suka yi shekaru suna rigimar iyakar gona, kowa ya samu rabonsa. Ƙannen mijina da ke Libiya da Abijan suka bugo suna kuka, suna cewa ai Baba ya sa an kira masa su ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe yana yi musu nasiha, ya yafe musu, ya sa musu albarka. Waɗanda ke bayan hamada sun samu. Wanda ake taƙama da shi don yana kusa, shi kaɗai ne bai samu ba.

Da mutane suka ragu ya je ya durƙusa gaban mahaifiyarsa ya tambaye ta ko da tsohon ya dawo daga Madawa ya bar masa wani saƙo. Ta ce ita ma ta tambayi tsohon ko sun gana, abin da ya ce mata kawai shi ne, “Na gane shi. Shina aiki.” Nan mijina ya kifa kai a ƙasa ya yi kukan da ban taɓa jin namiji ya yi ba. Kuma ko a cikin kwanakin nan salularsa ba ta daina motsi a aljihu ba. Mutanen kamfanin sun yi masa ta'aziyya da layi ɗaya, sannan suka tambayi ranar da zai dawo. Na gan shi da idona a bayan rumbu yana ɗaga waya sama yana neman inda saƙo zai fita.

Kafin wata kakar ta zo kamfanin ya rufe manhajar gaba ɗaya, wai ba ta kawo riba. Suka sallami kowa, har da mai jan gemun. Abin da ya hana shi tashi daga kujera ranar nan, yau ko a salular wa ka duba ba za ka same shi ba. Ya nemi wani aikin irinsa ya samu, don ba abin da ya iya sai shi, ga bakuna suna jira. Yanzu ba ya rufe ƙofar ɗakin, a buɗe take kullum, amma hakan bai dawo mana da shi ba. Ya daina dariya, ya daina zuwa Azarori sai dole, in ya fito tsakar gida yana kewaye gindin bedin kamar akwai mai zama a wurin.

Tambaya ɗaya ce ba ya gajiya da ita. Muna zaune haka kawai sai ya ce, da Baba ya dafa ƙofa, me ya ce? Na sha gaya masa ban ji ba. Wata rana tausayi ya kama ni na ce na tuna, albarka ya sa maka. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, “Ba ki ji ba. Kin hwaɗa mini tun ranar.” Bai yi fushi ba, ya tashi ya koma kujerarsa. Ni kaina ina so in yarda albarkar ce, don na san halin tsohon. Amma ban ji ba, kuma wanda ya sani yana ƙarƙashin ƙasa.

Abin da ranar nan ta koya mini ba mai daɗi ba ne. Mutum zai iya kwana ɗaki ɗaya da iyalinsa alhali ya fi ɗan bida nisa. Aikin da ke cewa yanzu-yanzu ba ya ƙarewa, in ka mutu ma gobe wani zai hau kujerar. Masu ƙaunarka da gaske su ne ba sa buga ƙofa, sai su zauna a inuwa su yi shiru suna jira, kai kuma ka ɗauka kullum za ka fito ka same su. Duk wanda aka ce masa tsohonsa na waje ya zo shan ruwa, ya ajiye abin da ke hannunsa ya fita. Mijina ya fito da magariba, tabarma kawai ya tarar.